Ki yanka albasa: da wa mujallar girki take magana?

Mujallar girki, irin wadda ake bugawa a takarda mai santsi, ba kayan kasuwarmu ba ce. Waɗanda ke isowa gare mu tsofaffi ne, sun gama yawonsu a Faransa sannan sunka faɗo hannun masu shimfiɗa littattafai a ƙasa a Yamai. Amma salonta ya riga ya shigo gida. Yana cikin shafin mata na jaridun Hausa da ke fitowa daga Nijeriya, yana cikin ƙananan littattafan girke-girke na kasuwar Kano, yana cikin hotunan da ƙannenmu ke tura wa juna a WhatsApp. Shi ya sa nake so mu dube ta da kyau, tun ba mu kwafi abin da ba mu gane ba.

Ku fara da sunayen. Cuisine Actuelle, wadda anka fara bugawa a 1987, ma'anar sunanta girkin yanzu. Tana kiran wadda ta dawo daga aiki a gajiye, tana neman abin da za ta aza ta sauke kafin yara su fara kuka. Elle à Table ɗiyar mujallar kwalliya ce ta Elle, ita kam ba yunwa take magani ba, rayuwar ƴan gayu take nunawa, abincin ado ne a cikinta kamar labule. Marmiton daga intanet ta fito, sunan kuma na yaron kuku ne, wato tana ce maka ko ba ka iya komi ba shigo, ba mai yi maka dariya. Kowane suna ƙofa ne, an auna shi daidai tsayin wanda ake so ya shiga. Dalili kuwa kuɗi ne. A Amurka mujallar Gourmet ta rayu daga 1941 har 2009, kuma ba masu karatu ne sunka guje ta ba, masu talla ne sunka janye hannu. To kun ji hajar da mujalla ke sayarwa: mai karatu. Girkin tsaba ce da ake watsawa don kaji su taru.

Tsarin shafin ma haka yake. Hoto babba, faranti guda, abincin mutum ɗaya a tsakiya, gefe an bar fili fari. Ƙasa an rubuta na mutum 4, minti 20, giram kaza, wutar gashi digiri 180. Kowace lamba a nan tana da gidan da take zato. Gida ne mai sikeli, mai firigo, mai gas, wanda anka san yawan bakin da za su ci tun da safe. A gidajenmu na Konni ko Malbaza wa ke dafa na mutum 4? Ana aza tukunya da lissafin baƙon da bai sanar ba, da almajiri, da kwanon maƙwabciya mai jego, da ɗumamen safe. Ma'auninmu tiya ne da gwangwani da ludayi da tafin hannu. Minti 20 kuwa, ina surfe, ina wanki, ina layin injin niƙa, ina hura wuta da ɗanyen icce? Lambar ta share aikin rabin yini, ta bar abin da ke faruwa cikin tukunya kaɗai.

Sai hoton kansa. Idon mujalla na son ja da kore da rawaya, yana son abu ƙwara-ƙwara mai sheƙi. Shinkafa dafa-duka da yankan tumatir tana cin wagga jarrabawa ba wahala. Tuwon hatsi da miyar kuka ba ya ci. Launinsa toka-toka, miyar duhu gare ta, daɗinta a yauƙi da ƙamshin daddawa yake, hoto kuma ba shi da hanci. Hura da nono ma haka. Sai ka ga mai son nuna abincin gida ya mulmula tuwo ƴan mitsi-mitsi, ya jera a farin faranti, ya soka ganye a kai. Wallahi abin na ba ni tausayi, kamar an sa wa tsoho kwat an ce ya yi murmushi.

Amma inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne nahawu. Bafaranshe in zai rubuta umarnin girki yana da mafita: ya bar aikatau tsirara ba mai aikatawa, ko ya yi amfani da jam'in girmamawa. Namiji da mace duk sun shiga. Hausa ba ta ba ka wanga sauƙi in za ka sa wakilin suna kana magana da mutum guda. Dole ka zaɓa: ki yanka, ko ka yanka. Kuma shafukan girkinmu sun daɗe da zaɓe. Uwargida, ki samu albasarki, ki jajjaga tattasanki, ki zuba manki. Ku lura har da ɗafa-keyar mallaka, komi nata ne, albasarki, tukunyarki. Akwai daɗi a ciki, ba na musu. Murya ce ta yaya da ƙanwa a bakin murhu, kuma ita ta sa ake karanta shafukan nan da marmari. Abin da mujallar Turai ke kashe kuɗi ta gina da launi da zanen suna, marubuciyar Hausa ta gina shi da harafi biyu.

Sai dai harafi biyun nan ƙyaure ne. Wa ya rage a waje? Mai tsire, mai balangu, mai kilishi, mai shayi da ke soya ƙwai tun asuba, mai gashin burodi. Duk maza ne, duk da abinci suke ci da iyalinsu. Ga mu ɗalibai da ke dafa shinkafa da wake a ɗaki in wata ya yi nisa. Ga ƴan cirani da ke haɗa kuɗin cefane a Abijan ko Legas. Ba wanda ke ce musu ka. Ita ma macen da ake kira, ba a kiranta don kanta. Ana kiranta uwargida ko amarya, wato ta wajen miji ake ganinta, kuma sau da yawa girkin kan zo da alkawarin sace zuciyar maigida da shan gaban kishiya. Yarinyar da ke sayar da waina don ta biya kuɗin lakwal ba ta cikin lissafi, balle gwaggo mai dambu a tasha.

Akwai wata kalma kuma da ya kamata mu tuhuma: gargajiya. Shafukan nan kan raba abinci gida biyu, na zamani da na gargajiya. Tuwon da munka ci daren jiya, wanda za mu ci yau, shi ne wai gargajiya, kamar kayan gidan tarihi. Taliya da mayonez su ne zamani. In yarinya ta tashi tana jin haka kullum, mi za ta ɗauki girkin uwarta? A nan ne talla ke shigowa. Dunƙulen Maggi na kamfanin Nestlé ne, yana da kuɗin sayen shafi da lokacin talabijin, har sunansa ya zama sunan kowane dunƙule a bakinmu, ko Jumbo ne magi muke cewa. Tsohuwar da ke yin daddawar kalwa ko ta batso ba ta da sisin talla. Don haka a jerin kayan haɗi magi na da layinsa, daddawa kuwa sai a ce in kina so.

Ba duka ne abin zargi ba. Shirin Akushi da Rufi na tashar Arewa24 ya dace da suna. Akushi ne, ba faranti ba, kuma a rufe, yadda ake kai wa mutum abinci da mutunci. Sunan ya san gidan da yake shiga.

Mu nan bakin iyaka muna da ƙarin matsala. Daga Konni zuwa Illela ta Nijeriya tafiyar ɗan lokaci ce a kan babur (ba Illelarmu ta hanyar Tawa nake nufi ba), amma kalmomin sun rabu. Su kabeji, mu shu. Su karas, mu karoti. Su firij, mu firigo. Rubutun Kano kan ɗauka kowa Bakano ne. Duk wanda zai buga shafin girki a nan, kalmar farko da ya zaɓa ta riga ta faɗi ɓangaren da ya fuskanta, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin haushin shi ne kayan suna muna da su. Albasar Galmi, a nan cikin Malbaza, manyan motoci ke kwasarta zuwa Abijan da Akara da Kwatano, kuma hukumar OAPI ta yi wa sunanta rajista, ita da kilishin Nijar. Ƴan kasuwar bakin teku sun san sunan Galmi, amma shafin girkinmu albasa 2 kawai yake cewa. Kalandar ma tamu daban ce. Mujallar Faransa na bin Kirsimeti da hutun zafi. Tamu da kaka za ta bi, da lokacin lambu, da azumi, da layya, da tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, tafasa da zogale ke riƙe gida. Wanga lokaci na ƙarshe shi ya fi bukatar shafi, kuma shi ne ba mai tallan da zai so hotonsa kusa da kayansa.

In da mu ne za mu gwada, ko da a takarda huɗu ta hotokofi irin wagga, gardamar farko a kan wakilin suna za a yi ta. A yanka albasa ya haɗa kowa, amma sanyi gare shi, kamar takardar likita. Ku yanka ya fi ɗumi, shi masu rediyo ke amfani da shi, kuma yana ɗauke da girmamawa. Ni ku zan zaɓa, ko da ƴan uwa mata na ƙungiya za su ce na ƙwace musu shafin da ya rage ana kiran su kai tsaye.