Kasimu Yero: Ɗan Wasa Mai Fuska Da Yawa

A ganina, ma'aunin gwanintar ɗan wasan kwaikwayo shi ne ya iya tuɓe rigar wani hali ya sanya ta wani ba tare da mai kallo ya ga ɗinki ba. Da wannan ma'auni nake duban marigayi Kasimu Yero, mutumin Zariya, wanda ya rasu a Kaduna a shekarar 1438 Hijiriyya, wato 2017.

Hausawa sun san shi da Karambana, mai shiga sharo ba shanu, a talabijin ta Kaduna. Sauran 'yan Nijeriya kuwa Uncle Gaga suka sani, dattijo mai tsauri da taurin kai a wasan Ingilishi na Cockcrow at Dawn, wanda NTA ta nuna a farkon shekarun 1980 don kwaɗaitar da jama'a noma. Ya kuma fito a Magana Jari Ce, da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam.

Idan aka kwatanta shi da Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, za a ga bambanci. Pategi ya riƙe Samanja a rediyo da talabijin har sunan ya haɗiye nasa. Kasimu kuwa bai yarda hali ɗaya ya ɗaure shi ba.

Saboda haka nake jan hankalin malamanmu na Kanya Babba da kewaye. Yaron da ya iya ba da dariya a wasan makaranta, kada a bar shi kullum a matsayin wawa. A ba shi rawanin alƙali, a gani.