Adabin Kasuwar Kano: Waiwaye Daga Karkarar Kura da Bunkure

Gabatarwa

Duk malamin da ya koyar a makarantun Kura ko Bunkure ko Garun Malam a shekarun 1990 ya san ƙananan littattafan nan masu siririn bango da ake ƙwacewa a hannun ɗalibai, musamman 'yan mata, ana tsakiyar darasi. Mun ƙwace da yawa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka zauna suka karanta abin da suka ƙwace. Wannan maƙala za ta waiwayi waɗannan littattafai da marubutansu suka buga da kuɗin aljihunsu, ta auna alherinsu da aibinsu, sannan ta ja hankali kan haɗarin salwanta da ke fuskantarsu.

Asalinsu da Yadda Ake Buga Su

Tun daga gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ƙagaggen labarin Hausa a hannun hukuma ya taso. Hukumar NORLA ta yi nata zamanin, kamfanin NNPC na Zariya ya gaje ta a 1966. Marubuci sai ya jira gasa, ko ya jira littafinsa ya shiga manhaja. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, aka shigo da tsarin SAP a 1986, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka ja baya daga buga labarai. A daidai lokacin kuma yaran da shirin UPE na 1976 ya kai makaranta sun girma, sun iya karatun boko, ga shi babu abin karantawa.

Wannan giɓi matasa suka cike. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a tsakiyar shekarun 1980, Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, sai Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Ahmed Funtuwa a 1994. Marubuci shi ke rubutawa, ya kai wa mai tafireta, ya biya maɗaba'a, ya ɗauko ya kai wa dillalai a kasuwar Sabon Gari, galibi bashi, sai an sayar a biya shi. Dalilin da ya sa ake raba labari gida biyu ko uku ke nan: cinikin na ɗaya shi ke buga na biyu. Don su tallafi juna sai suka kafa ƙungiyoyi, irin su Raina Kama da Kukan Kurciya.

Isowarsu Karkara

Madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako ita ta buɗe noman rani a wannan yanki, zirga-zirga tsakaninsa da birni ta yawaita. Motar da ta kai shinkafa da tumatir Kano ba ta dawowa wayam. Ranar kasuwa mai tallar littattafai yakan shimfiɗa su gefe guda da Ishiriniya da Ƙawa'idi. Kwafi ɗaya yakan zagaya gidaje har bangonsa ya cire, wadda ta iya karatu ta karanta wa waɗanda ba su iya ba. Yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa aure, sau da yawa waɗannan littattafai ne suka hana karatun nata ya zube. Wannan alheri ne da masu suka ba su cika ambata ba.

Muhawara da Tarke

Ibrahim Malumfashi shi ya yaɗa sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onica, yana ganin yayi ne mai wucewa. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka ƙalubalance shi a shafukan jaridu, suna ganin adabin zamani ne da ya cancanci nazari. Iyaye da malaman addini kuwa ta fuskar tarbiyya suka dube su, har aka ƙona wasu a bainar jama'a a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Ra'ayina shi ne an yi musu kuɗin goro. Mu ɗauki Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat, wanda ya fito a 1990. Labarin Abu ne, yarinyar ƙauye da aka cire daga makaranta aka aurar wa Sarkin Noma, dattijo sa'ar mahaifinta. Ta gudu birni, ta koma karatu, ta zama mutum. Babu malamin karkara da bai ga kujerar irin su Abu ta wayi gari babu kowa a kanta ba. Marubuciyar ba ta ɗora laifin a kan addini ba, ta ɗora shi a kan jahilci da son zuciya. Haka kuma Alhaki Kuykuyo Ne ya nuna yadda Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi mai 'ya'ya tara saboda amarya, ta riƙe su da sayar da abinci. Ƙarfin littafin yana cikin lissafin cefane da kuɗin makaranta, abubuwan da littattafan manhaja ba su taɓa ba. Rauninsa shi ne gobarar kasuwa ce ta hukunta Alhaji Abdu, wato an kawo masifa daga waje don a warware ƙullin labari, dabarar da ta yi yawa a wannan adabi.

Aibin da ya fi damun malami kuwa shi ne rashin edita. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana barin ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa, ɗalibi ya kwashe wannan ya zuba a takardar jarrabawa. Tsarin kashi-kashi ya sa ana jan labari ba gaira ba dalili. Wasu sun kwaikwayi finafinan Indiya, wasu sun cika shafuka da kwatancen motoci da gidajen da manomin Kadawa bai taɓa shiga ba. Akwai kuma 'yan tsiraru masu batsa, waɗanda suka shafa wa sauran kashin kaji.

Halin da Ake Ciki

Fim ya janye marubuta da dama tun daga tsakiyar shekarun 1990. Yanzu kuma akasarin sababbin labarai a waya ake karanta su, ta WhatsApp da Wattpad, ko a saurare su a YouTube. An fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012, sashen Hausa na BBC kuma ya fara gasar Hikayata ta mata a 2016. Sai dai ainihin littattafan a kan takarda mai arha aka buga su, da yawa babu shekarar bugu, gara da ruwan sama na cinye su. Makarantar SOAS da ke Landan ta tara ɗaruruwansu, alhali da wuya ka sami ko goma a ɗakin karatun makarantun garuruwanmu.

Kammalawa

Ba a ce a sa kowane littafin kasuwa a manhaja ba. Abin da ake nema shi ne malaman Hausa su tattara abin da ya rage a akwatunan iyaye mata, su tace, su adana, su kuma yi amfani da masu kyau wajen koyar da jigo da ƙa'idojin rubutu, har da gyara kurakuransu a allo. Dattawa kuma su karanta kafin su yanke hukunci. Wanda zai rubuta tarihin aure da saki da karatun 'ya'ya mata a ƙasar Kano nan gaba zai nemi waɗannan littattafai. Allah ya sa ya same su.