Tsaron Kwando da Littafin Doka: Gardamar da Ta Iso Bekaji

A Bekaji, kamar sauran unguwannin Jimeta, ƙwallon ƙafa ke da gidajen kallo da masu ihu. Wasan ƙwallon kwando yana da nasa mutanen, ba su da yawa amma ba sa ɗaukarsa da wasa: ɗaliban jami'o'in Yola da na sakandare, da tsofaffin 'yan wasan da ciwon gwiwa ya mayar gefen fili. Wasannin gasar NBA ta Amurka tsakar dare suke faɗowa a agogonmu, saboda haka yawanci sai da safe ake ganin guntayen bidiyo a waya. Guntun bidiyo kuwa mai jefa ƙwallo yake nunawa, mai tsaro ba ya fitowa sai ranar da aka kunyata shi. Duk da haka gardamar da ta fi daɗewa a bakin waɗannan mutane a kan tsaro take: wace ƙungiya ce ta fi kowa iya tsare kwandonta a tarihi? Manya su ce Detroit ta 1989, su ƙara da cewa yaran yanzu ba su san tsaro ba. Matasa su ce da can dambe ake yi, ba wasa ba.

Kowane ɓangare ya manta da mutum na uku da ke cikin fili, wato mai usur. Abin da mai tsaro zai iya yi da hannunsa, da inda zai iya tsayawa, da tsawon lokacin da zai yi a wurin, duk a rubuce suke, kuma an sha sauya rubutun. Wanda ya ɗauki makin da aka ci wata ƙungiya a 1990 ya jera shi da na 2024 kamar mai auna shinkafar fadamar Binuwai ne da geron tudu a mudu ɗaya, ya ce zai gane wanda ya fi iya noma.

Tun farkon tarihin wasan, dogon mutum a ƙarƙashin kwando shi ne damuwar masu rubuta doka. A 1944 jami'o'in Amurka suka haramta doke ƙwallo idan ta fara gangarowa zuwa kwando, saboda irin su George Mikan da Bob Kurland tsayawa kawai suke yi suna kakkaɓe duk abin da aka jefa. A 1947 gasar ƙwararru ta hana tsaron yanki, wanda 'yan wasa ke kira zon, inda kowa ke gadin wani ɓangare na fili maimakon wani mutum. Ranar 22 ga Nuwamba 1950 Fort Wayne ta doke Minneapolis da maki 19 da 18, don kawai ta riƙe ƙwallo ta ƙi jefawa. Irin wannan ne ya haifar da agogon daƙiƙa 24 a 1954. Daga nan tsaro ya samu ma'anar da muka sani: ka hana abokin karawa samun jifa mai kyau har lokacinsa ya ƙare.

Wanda ya fara cin moriyar wannan sosai shi ne Bill Russell na Boston, mai kofi 11 cikin shekara 13, daga 1957 zuwa 1969. An san shi da doke ƙwallo zuwa hannun abokin wasansa maimakon cikin 'yan kallo, don hari ya tashi nan take. Sai dai NBA ba ta fara ƙirga ƙwallayen da aka tare a sama da waɗanda aka fizge ba sai kakar 1973 zuwa 1974, kuma a zamaninsa babu layin maki uku. Kowa kusa da kwando yake son zuwa, Russell kuma yana can yana jira. Ba rage masa daraja nake yi ba. Aikin da zamaninsa ya ba shi ke nan, kuma babu wanda ya yi shi kamarsa.

Detroit ɗin da manya ke kira da alfahari, ta koci Chuck Daly, ta ci kofi a 1989 da 1990. Joe Dumars da Dennis Rodman gwanaye ne na gaske, ƙafafunsu da idanunsu za su yi aiki a kowane zamani. Amma rabin tsoron da ake yi wa ƙungiyar daga abin da doka ta ƙyale ya fito. Mai tsaro yana iya ɗora hannu a ƙugun mai ƙwallo ya riƙa juya shi inda yake so, wanda kuma ya kutsa ƙarƙashin kwando Bill Laimbeer zai kai shi ƙasa, hukuncin bai wuce jifa biyu ba. Da haka suka fitar da Michael Jordan da Chicago shekara uku a jere, 1988 zuwa 1990. Da aka tsaurara hukuncin mugun keta a 1990, Chicago kuma ta balaga, sai ta share su wasa huɗu ba ko ɗaya a 1991.

Akwai abin da masu yabon wancan zamani ba su cika faɗa ba. An sakar wa mai tsaro hannu, amma an ɗaure masa ƙafa. Dokar hana zon ta ce dole kowa ya kasance kusa da mutuminsa. Kana iya barinsa ku taru biyu a kan mai ƙwallo, amma sai ka je gaba ɗaya. Tsayawa a tsakani kana gadin mutum biyu laifi ne. Sai koci-koci suka riƙa tura waɗanda ba su iya jifa ba can gefe guda, masu tsaronsu su bi su dole, a bar tauraro da mutum ɗaya. Tsaron shekarun 1990 karo ne na ƙarfi tsakanin mutum biyu, sauran takwas suna kallo.

A cikin wannan tsari ne ɗan Legas, Hakeem Olajuwon, ya yi abin da har yau ba a maimaita ba. Ya taso yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa yana kuma buga ƙwallon hannu, bai fara ƙwallon kwando ba sai da ya zama saurayi, kuma ƙafafun gola ne ya tafi da su Houston. Ya tare ƙwallo a sama sau 3,830, babu wanda ya kai shi tun da aka fara ƙirga. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗaya adadin: ya fizge ƙwallo sau 2,162, aikin da aka saba gani wajen gajeru masu sauri. A kakar 1988 zuwa 1989 ya haura 200 a kowane ɗaya daga cikin biyun. A 1994 ya haɗa kyautar gwarzon gasa, da ta gwarzon mai tsaro, da ta gwarzon wasannin ƙarshe. A wasa na shida na karawar ƙarshe da New York, Houston na gaba da maki 86 da 84, John Starks ya tashi zai jefa maki uku da zai ba New York kofi. Olajuwon ya bar ƙarƙashin kwando, ya bi shi har bayan layi, ya taɓa ƙwallon da yatsa. Wannan ita ce irin fitar da ake nema wajen dogon mutum a yau, shi kuwa ya yi ta tun 1994. A cikin wasanni bakwai na wannan karawa babu ƙungiyar da ta kai maki 100. Musulmi ne da ya riƙa buga wasa da azumi a bakinsa, kuma a Fabrairun 1995, cikin Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata. Tun 2022 kofin gwarzon mai tsaro na NBA sunansa yake ɗauke da shi. Dikembe Mutombo na Kwango, wanda ya rasu a 2024, ya ci wannan kyauta sau huɗu, Olajuwon sau biyu, amma Mutombo mai gadin ƙofa ɗaya ne, Olajuwon kuwa duk filin nasa ne.

A 2001 aka soke dokar hana zon. A madadinta aka ce mai tsaro ba zai wuce daƙiƙa uku a cikin akwatin ƙarƙashin kwando ba sai idan yana gadin wani. Nan aka shiga wasu shekaru uku da ba a taɓa yin irinsu ba: ƙafa ta samu 'yanci, hannu kuma alƙalai ba su gama ɗaure shi ba. A kakar 2003 zuwa 2004 matsakaicin makin ƙungiya a wasa ya faɗo kusan 93. Detroit ta koci Larry Brown, da Ben Wallace a tsakiya da Rasheed Wallace da aka kawo a Fabrairu, ana cin ta kusan 84 ne kawai, daidai da San Antonio ta Tim Duncan. A watan Maris ta hana ƙungiyoyi biyar a jere kai maki 70. A wasannin ƙarshe ta gamu da Lakers mai Shaquille O'Neal da Kobe Bryant da Karl Malone da Gary Payton, ta doke ta wasa huɗu da ɗaya, a wasa na uku ma maki 68 kacal ta bar ta ta ci.

Hukumar gasar ba ta ji daɗin wannan ba, domin tikiti da talabijin maki suke so. Daga kakar da ta biyo baya aka umurci alƙalai su busa duk hannun da ya taɓa mai ƙwallo a nesa da kwando. Nan take gajeru masu sauri suka samu hanya, Steve Nash na Phoenix ya zama gwarzon gasa a 2005 da 2006. Idan aka tambaye ni ƙungiyar da zan zaɓa, Detroit ta 2004 zan ce, kuma hujjata ba adadin 84 ba ne, don doka tana da kaso a cikinsa. Hujjata ita ce abin da ya faru bayan an sauya dokar a kanta: ta sake kai wasannin ƙarshe a 2005, sai a wasa na bakwai San Antonio ta fitar da ita, Ben Wallace kuma ya sake zama gwarzon mai tsaro a 2005 da 2006. An ƙwace musu hannu, tsaron bai rushe ba.

Masu cewa yau babu tsaro suna kallon maki 114 da ake ci a matsakaici a kakar 2023 zuwa 2024. Su lura da faɗin filin da ake gadi. Layin maki uku ya shigo tun 1979, amma sai a shekaru goma sha biyar na baya-bayan nan ya zama tushen hari. Mai tsaro na yanzu zai shiga taimako ƙarƙashin kwando, ya fito da gudu mita bakwai ya tare mai jifa, ya karɓi mutumin abokinsa idan an yi masa shinge, duk ba tare da ya ɗora hannu ba. Boston ta 2008, da Kevin Garnett da dabarun Tom Thibodeau na cunkushe gefen da ƙwallo take, ita ta nuna yadda ake amfani da dokar 2001. Draymond Green na Golden State ya nuna mutum ɗaya na iya gadin kowa daga gajere zuwa dogo. Wannan aiki ya fi na 1989 wuya ga huhu da ƙwaƙwalwa, ko da bai kai shi zafi ga haƙarƙari ba.

Abin da ya fi damuna a gardamar Bekaji shi ne duk a kan dokar da ba mu wasa da ita ake yinta. Najeriya dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, take bi, daga gasar makarantu har zuwa inda Kano Pillars da maƙwabtanmu Gombe Bulls suke karawa. A FIBA wasa minti 40 ne, laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, layin maki uku yana mita 6.75 tun 2010, ana iya kakkaɓe ƙwallo da zarar ta taɓa bakin kwando. Mafi muhimmanci, babu dokar daƙiƙa uku a kan mai tsaro. Dogon yaro yana iya dasa ƙafarsa ƙarƙashin kwando daga farkon wasa har ƙarshe.

Kuma abin da ake yawan yi ke nan a filayenmu na siminti. Rana tana da zafi, 'yan canji ba su da yawa, iskar hunturu tana karkatar da jifan nesa, masu iya jifan ma ƙalilan ne. Sai koci ya jera biyu a gaba uku a baya, ya ce kowa ya ɗaga hannu. Yana cin wasa da haka, ban musa ba. Amma yaron da ya yi shekara huɗu a tsaye a wuri ɗaya bai koyi durƙusawa ya ja ƙafa a gaban mai ƙwallo ba, bai koyi ganin mutuminsa da ƙwallo lokaci guda ba, bai koyi yi wa abokinsa magana ba. Ranar da ya gamu da masu jifan nesa, tsayinsa ba zai cece shi ba.

Misalin abin da ya kamata mu koya namu ne, ba aro ba. Ranar 29 ga Yuli 2024, a gasar Olamfik ta Faransa, 'yan matan ƙungiyar Najeriya, D'Tigress, na koci Rena Wakama suka doke Ostireliya da maki 75 da 62. Ba su fi su tsayi ba. Sun bi su ne mutum da mutum tun daga wancan ƙarshen fili, suka sa su zubar da ƙwallo fiye da sau 20. Da suka kuma doke Kanada 79 da 70, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwando na Olamfik. Wannan tsaro ƙafa ce da numfashi da magana, abubuwan da ba sa bukatar ɗakin wasa mai sanyi.

Tunda doka ce ke rainon mai tsaro, muna da ikon rubuta tamu a matakin yara. A 2018 hukumar ƙwallon kwando ta Amurka da NBA suka fitar da ƙa'idojin wasan yara da suka hana zon ga 'yan ƙasa da shekara 12. Kirana ga malaman wasanni na makarantun Jimeta da Yola, da masu shirya gasar matasa a Adamawa, shi ne su zauna su amince cewa a gasar 'yan ƙasa da shekara 14 kowane yaro mutuminsa zai bi, alƙali kuma ya busa wa wanda ya tsaya ƙarƙashin kwando ba ya gadin kowa. Ba ya bukatar kuɗi ko sabon fili, layi ɗaya ne a takardar gasa.