Kafin ka sayi injin bofin, sayi bokiti na biyu

Wani sabon yayi ya shigo wa matasa masu mota a yankinmu na Roni da Kazaure, kuma ta waya ya shigo. Bidiyo ne na minti guda a TikTok ko Facebook: wani mutum a cikin gareji mai fitilu ya raba bonet gida biyu da salatef, ya ɗora inji a kan ɓari ɗaya, kafin ka ƙifta ido ɓarin ya koma madubi. Daga nan sai ka ji yaro ya ba direban motar Kano sautu, a biya Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a sayo masa injin bofin da man gurza da wata 'yar kwalba da aka ce siramik ce. Ranar Asabar sai ga shi a ƙofar gida, rana tsaka, yana ta fama da Corolla ɗinsa.

Ban ga laifin sha'awar ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi a bayansa, canza mota ya zama mafarki ga malamin makaranta da ƙaramin ma'aikacin ƙaramar hukuma. Wadda ke hannunka ita za ka lallaɓa. Kuma duk wanda ya taɓa kai mota wurin dillalai ya san tambayar farko: fes bodi ce? Motar da fentinta na kamfani bai taɓu ba ta fi daraja, ko da injinsu ɗaya da wadda aka yi wa feshi. Saboda haka kula da fenti ba gayu ba ne kawai, adana dukiya ne. Inda na rabu da 'yan yayin shi ne ta inda suka faro. Sun faro daga ƙarshen aikin, kuma ƙarshen nan shi ne mafi haɗari a hannun ɗan koyo.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen farko da ke kama ƙarfe, sai launi, sai wani shafe garai-garai a sama wanda shi ke ba da sheƙi, shi ne kuma ke tare zafin rana. Tun wajen shekarun 1980 kamfanonin mota suka koma wannan tsari. Kaurin shafen na sama bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashin kanka ya fi shi kauri. To shi bofin ba ƙara wa fenti komai yake yi ba. Kankare saman shafen nan yake yi har ya sauko daidai da zurfin ƙarzunan da ke jiki, sai ido ya ga sumul. Duk sheƙin da ka gani bayan inji ya wuce, da naman fentin aka saye shi, kuma abin da aka kankare ba ya tsirowa.

Yanzu dubi irin motocin da muke hawa. Golf ce, Civic ce, Vibe ce, 406 ce, yawancinsu sun yi shekara goma sha a Turai ko Amurka kafin su sauka Kwatano. Kafin su iso hannunka, dillali ya sa an bi su da inji don su ɗauki ido a filin sayarwa, wata ma ba sau ɗaya ba. Masu yin bidiyon can suna da na'urar auna kaurin fenti, suna dubawa kafin su taɓa. Kai ba ka da ita. Injin da aka fi samu da araha kuma mai juyi ɗaya ne, irin na masu fenti, wanda idan ya daɗe a wuri guda ko ya hau kan kusurwar ƙofa, cikin daƙiƙu zai ƙone shafen ya tono launi. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Idan kuwa rufin motarka ko bonet ya riga ya fara yin fari-fari yana salewa, kada wani ya ruɗe ka da kwalba. Shafen ya mutu, sai feshi.

Abin da ke kashe fenti a Roni ba rashin inji ba ne. Tsumma ne. Al'adar nan ta kowace safiya, maigida ya fito ko ya tura yaro da busasshen ƙyalle a kakkaɓe mota a goge, ita ce babbar ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Ƙurar da hunturu ke saukar mana daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wadda iska ke kwaso da yawanta tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ba gari ba ce mai laushi kamar yadda take a ido. Akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, ga kuma jar ƙasar hanyoyin burji da mota ke kwasa in an shiga ƙauyuka wajen Amaryawa ko Zugai. Yashi ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba, gilashi ma yana ƙarzarsa. Busasshen tsumma a kan wannan ƙura sanfefa ne. Ka tsaya gefen baƙar mota da hantsi ka duba inda rana ta haska, za ka ga zane-zane sirara suna kewaya hasken. Ba tsufa ya kawo su ba, hannun mai gogewa ne.

Maganinsa ba ya buƙatar lantarki, wanda da ma ba kullum muke da shi ba. Ruwa ne da haƙuri. A fara kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa ba tare da hannu ya taɓa jikin motar ba, ƙurar ta gangara. Sannan bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Ka tsoma soso mai laushi a kumfa, ka wanke ƙofa ɗaya, ka ɗauraye shi a ruwa zalla kafin ya koma cikin kumfa. In ka gama, ka zubar da bokiti na biyu a hankali ka ga yashin da ya kwanta a gindinsa. Da bokiti ɗaya ka yi aiki, duk wannan a jikin motarka zai ƙare. Taya da wili da ƙasan ƙofofi su zo a ƙarshe, da nasu soson daban. Tsumman da ya faɗi ƙasa kuma ya gama aiki a ranar sai an wanke shi.

Na san abin da za a ce: ruwa saye ake yi a wurin 'yan garuwa, wa zai riƙa wanke mota kullum? Ai ba a ce kullum ba. Ra'ayina ma shi ne, a lokacin hazo gara ka bar motarka da ƙurarta kwana biyar, ka wanke gilasai da fitilu kawai don ka ga hanya, da ka riƙa bin ta da busasshen ƙyalle kowace safiya. Ƙurar da ke kwance ba ta yi wa fenti komai sai an ja ta a kansa. Wannan magana tana yi wa mutanenmu nauyi, don ana ganin mota mai ƙura kamar ƙazanta ce, musamman ranar Juma'a ko ranar ɗaurin aure. To a daidaita ranar wankin da waɗannan ranaku.

Omo na wanki ne, ba na mota ba. An yi shi don ya cire maiƙo daga tufafi, haka zai cire duk wani kakin kariya da ka shafa, ya kuma busar da robobin gilashi. Sabulun mota na ruwa, murfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti. Dabarar tasha ta zuba ɗan gas a ruwan wanki don mota ta yi ƙyalli ita ma a bar ta, ƙyallin na awa biyu ne, daga nan sai maiƙon ya kama ƙura. Man birki kuwa, wanda wasu ke shafa wa taya don ta yi baƙi, in ya ɗiga a fenti cin sa yake yi.

Sai lokaci. A watan Afrilu zafi a nan yakan haura digiri 40, ƙarfen mota mai duhun launi kuma ya fi haka nesa. Ruwan burtsatse ko na rijiya yana ɗauke da gishirin ƙasa, in ya bushe a kan ƙarfe mai zafi sai ya bar fararen ɗigo-ɗigo da ke cin shafen sama. A yi wanki bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa, a kuma tsane ruwan da tawul mai laushi kafin ya bushe da kansa.

Inuwar ma da sharaɗi. Gindin darbejiya shi ne garejin kowa a garuruwanmu, amma 'ya'yanta da kashin tsuntsu da na jemage suna sauka a rufi, rana ta gasa su, su bar tabon da wanki ba ya fitarwa. In ka gani, ka jiƙa tsumma ka ɗora a kai ya yi laushi, ka ɗauke a ranar, kada ka kankara. Tamfol ɗin rufe mota kuwa a kan wankakkiyar mota kaɗai yake da amfani. In ka lulluɓa shi a kan ƙura, iskar dare za ta yi ta kaɗa shi yana gugar fentin har gari ya waye. Mai hali ya kafa rumfar kwano ko ta zana a cikin gida. Kuɗin injin bofin da tarkacensa, da a rumfa aka sa su, da sun fi yi wa motar amfani.

Kariyar da ɗan koyo zai iya yi da hannunsa ba tare da fargaba ba ita ce kakin mota. Akwai na ganyen wata irin giginya da ake kira karnuba a ƙasar Birazil, akwai na haɗin kamfani, wanda ya fi jure irin zafinmu. A shafa siriri a kan mota wankakkiya mai sanyi, a bar shi ya yi fari, a goge. Sau ɗaya kafin hunturu, sau ɗaya kafin bazara, sau ɗaya kafin damina. In ruwa ya daina dunƙulewa a kan bonet, lokacin sabuntawa ya yi. Motar da aka yi wa sabon feshi a ɗaga mata ƙafa wata ɗaya zuwa uku, fentin ya gama shan iska.

Ita kuwa siramik, ta gaskiyar tana aiki, amma a ɗaki mai tsabta ake shafa ta, a kan fentin da aka gyara tsaf, a kuma bar ta ta kama ba tare da ƙura ta sauka ba. Ina za ka sami wannan a ƙofar gida a watan Janairu? Lambar 9H da ake bugawa a kwalinta ma'aunin taurin fensir ce, ba ta nufin yashi ba zai ƙarce ta ba.

Ban ce a haramta bofin ba. Ƙarzunan da farce ba ya maƙalewa a cikinsu suna fita da ɗan man gogewa mai laushi, da hannu, a wuri ƙarami. Wanda farce ya maƙale a cikinsa ya yi zurfi da yawa, aikin mai fenti ne. Matashin da kuma yake son abin ya zama sana'a, ga hanya a buɗe: ya je wurin falanbita a Kazaure ya nemi tsohuwar ƙofa ko bonet da aka yar, ya koyi riƙon inji a kanta har hannunsa ya faɗa. Amma ɗan'uwa, in motar hawanka ce guda ɗaya tilo, ajiye injin nan. Ka ƙara bokiti, ka kafa rumfa, ka kuma hana yara goge ta a bushe.