Taswirar da Ta Tsaya a Bakin Sahara: Nazarin Littafin Janet Abu-Lughod

A shekarar 1989 ne Janet Abu-Lughod ta wallafa littafinta Before European Hegemony, inda ta yi bayanin tsarin cinikin duniya tsakanin 1250 da 1350, kafin Turawa su yi rinjaye. Har yau ɗalibanmu na tarihi suna kafa hujja da shi, kuma sun yi daidai. Marubuciyar ta kasa duniyar wancan ƙarni zuwa da'irori takwas masu shiga cikin juna, tun daga kasuwannin Shamfen a Faransa har tashar Zaitun a ƙasar Sin. Ta nuna cewa Alƙahira da Bagadaza ne a tsakiyar harkar, Turai kuwa tana gefe. A ra'ayinta, Gabas ce ta fara raunana, saboda faɗuwar Bagadaza a 1258 da annobar da ta afka wajen 1347, sannan Yamma ta hau abin da ta tarar a shimfiɗe. Babinta kan Misira, inda ta tattauna fataken Karimi da hukuncin ƙiradi, ya cancanci mai karatun fiƙihun mu'amalat ya duba shi.

Sai dai babu ko ɗaya cikin da'irorin takwas da ta tsallaka Sahara. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin hujjar littafin ce da kanta take neman abin da aka bari. A 1252 Fulorens da Jenowa suka fara buga kuɗin zinare, Benis ta bi sahu a 1284. Daga ina zinaren? Kaso mai yawa nasa daga ƙasar Mali ya fito, ta hanyar Sijilmasa da tashoshin Magrib. A shekara ta 724 bayan Hijira, wato 1324, Mansa Musa ya ratsa Alƙahira zuwa aikin Hajji, kuma al-Umari ya ruwaito a Masalikul Absar cewa farashin miskali ya sauko daga dirhami 25 zuwa 22, ya daɗe bai farfaɗo ba. Ƙasar da tafiyar sarkinta ta taɓa darajar kuɗin birnin da marubuciyar ta ɗauka cibiya, ta yaya za a ce tana wajen tsarin?

Hujjar da ta fi ƙarfi a gani na ita ce ta wuri. Ibnu Baɗuɗa ya yi alƙalanci a tsibiran Maldib, inda ya ga ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari guda. Bayan 'yan shekaru ya iske irin wannan wurin a Mali da Gawo, 1,150 a kan dinari. Ke nan abin da aka tsamo daga Tekun Indiya ya ratsa da'irori da dama na littafin, ya zama kuɗi a bakin Kogin Kwara. Mai jayayya zai ce Ibnu Baɗuɗa ya bar Sijilmasa ne a 1352, bayan iyakar littafin da shekara biyu. Amma kasuwa ba ta kafa farashi dare ɗaya. Shi ne kuma ya ambaci jan ƙarfen Takadda da ake kaiwa Gobir da Barno, wanda ke nuna cewa zaren ya miƙe har ƙasarmu.

Ina ganin asalin kuskuren yana cikin ma'aunin da ta ɗauka. Ta bi jirgi da kaya da manyan birane, ba ta bi alhaji da ɗalibi ba. A Bilad as-Sudan kuwa hanyar fatauci da ta Hajji da ta neman ilimi guda ce. Al-Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibnu Rashiƙ ta Malikiyya, wadda mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina ta a Alƙahira wajen tsakiyar ƙarni na 13, suna sauka a cikinta. Abu Ishaƙ as-Sahili, mawaƙin Garnaɗa, a Makka ya haɗu da Mansa Musa, ya biyo shi gida, kuma a Tumbutu kabarinsa yake. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji Wangarawa suka iso daga Mali, kuma abin da ya rubuta game da su sallah ce da limanci da alƙalanci.

Malamin da zai karantar da littafin ya kamata ya haɗa shi da Rihlar Ibnu Baɗuɗa da babin Mali na al-Umari, ya sa ɗalibai su zana da'ira ta tara da hannunsu, daga Sijilmasa zuwa Tagaza da Walata da Gawo da Takadda.