Kafin a Kafa Turke: Gwanintar Mai Haɗa Modem a Zariyar Maraɗi

Wanda ya taɓa sayen fili a bakin garin Maraɗi ya san yadda ranar awo take. Mai fili ya sha babbar riga, maƙwabci ya fito yana kallo a kaikaice, yara sun yi cincirindo, kowa idonsa na kan mutumin da ke yawo da sandar nan mai faifai a ka, kamar an kifa ƙwarya a kan gora. Shi ake gani, shi ake kira mai awo. Can gefe kuma akwai wani, yawanci matashi, durƙushe gaban wani ɗan akwati da batirin mota, babu mai ce masa sannu. Tun ranar da na tsaya a kansa a bayan unguwar Zariya, na kalli aikinsa daga buɗe jaka har naɗe waya, na daina yi masa kallon ɗan rakiya. In hannunsa ya kuskure, turken simintin da za a kafa cikin filin wani zai faɗa, kuma ba za a gane ba sai an zuba tubali.

Ɗan akwatin nan shi ne modem, kuma sai an san abin da ke saukowa daga sama za a gane amfaninsa. Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa. Rasha na da nata GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou. Kowane tauraro ba ya fasa faɗin abu biyu: ga inda nake, ga lokaci. Saƙon na gudu da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, ita kuwa na'urar da ke ƙasa tana auna jinkirin isowarsa ta fitar da nisa. In ta ji taurari huɗu ko fiye, ta san inda take. Sai dai lissafin ba ya yafe kuskure: a ɓata kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, an ɓata mita 300. Kafin watan Mayu na 2000 ma da gangan Amurka take dagula saƙon ga farar hula. Yau an daina, amma iskar sama na jinkirta shi, agogon tauraro na ɗan zamewa, shi ya sa wayarka ta hannu kan kauce da mita uku ko biyar. Don neman gidan biki wannan ya wadatar. A filin da faɗinsa mita 20 ne kuwa, mita uku ɗaki guda ne.

Maganin da masu awo suka samu shi ne aiki da na'ura biyu. Ɗaya tana zaune a kan wurin da aka riga aka san lambobinsa, suna ce mata baz. Ɗayar tana yawo a kan sanda, ita ce mobil. Tunda sama ɗaya suke kallo, kuskurensu kusan iri ɗaya ne. Mai zaman ta san gaskiyar inda take, saboda haka kowace daƙiƙa tana aika wa mai yawo abin da ta gani, ita kuma ta gyara lissafinta nan take. Wannan dabara ita ake kira RTK, kuma tana sauko da kuskure zuwa santimita ɗaya ko biyu, da ƙarin kamar milimita ɗaya a kan kowace kilomita ta tazarar da ke tsakaninsu. Bakin baz da kunnen mobil, duka modem ne. In ya yi shiru, na'urori biyu na miliyoyin sefa sun koma kurame.

Abu na farko da na ga matashin nan ya yi, bai taɓa jaka ba. Kai ya ɗaga. Yaron da ke koyon aiki a hannunsa ya riga ya fara zare sandar eriya, sai ya daka masa tsawa: "Kai, dubi bisa tukuna!" Wayar NIGELEC ce ta ratsa gefen hanya. Sandar ƙarfe ce mai miƙewa mita da yawa, kuma babbar wayar kuran ba sai an taɓa ta ba, wuta kan yi tsalle ta sami ƙarfen da ya matso. Suka ja baya sosai, ta yadda ko sandar ta faɗi ba za ta kai ga waya ba. Daga nan ya shiga zaɓen wuri: tudu, sarari, nesa da inuwar dogon yaro, nesa da rufin kwano, don kwano na mayar da saƙon tauraro kamar yadda madubi ke mayar da rana, na'ura ta ji abu ɗaya sau biyu ta rikice. Ya taka ƙafafun mai-ƙafa-uku cikin rairayi da duga-dugansa, ɗaya bayan ɗaya, har suka daina nutsewa.

Sannan aka zo ga jerin haɗi, wanda a nan ne na ga bambancin wanda ya iya da wanda ya ga ana yi. Eriya ya fara ɗaurawa. Ya hura bakin wayar don fitar da ƙura, ya murɗa da yatsu, bai kawo filaya kusa ba. Wayar da ke tsakanin modem da baz tana da ƙananan allurai a baki, da ɗigon ja da ake saita shi da ɗan'uwansa. Ya daidaita ɗigon, ya tura a hankali har ta ce ƙyas. Batir ne na ƙarshe: ja a kan ƙari, baƙi a kan ragi, da fiyus a tsakani. Na tambaye shi me ya sa wuta ce ƙarshe. Ya ce rediyon waje irin wannan yana iya fitar da ƙarfin wat 35, in ka kunna shi babu eriya ƙarfin ba shi da mafita, sai ya koma ciki ya ƙone abin da ke haɓaka saƙon. Ya kwatanta mini da injin ban-ruwa da aka tayar bakin tiyo a toshe. Wajen kwancewa kuma sai a bi jerin a juye, a kashe wuta, a cire batir, eriya ta zama ta ƙarshe. Ya ce ya taɓa ganin wanda gaggawa ta sa ya juya jan da baƙin a kan wayar da ba ta da fiyus, ɗan hayaƙi kawai ya tashi, aikin sati biyu ya tsaya ana jiran kaya daga waje.

Bai ɗora rediyon a kan cikakken ƙarfinsa ba. Filin ranar bai fi kilomita biyu daga baz ba, sai ya sa ƙaramin ƙarfi. Babban ƙarfi na shanye batir kafin azahar, yana gasa akwatin, ga shi a watan Afrilu zafin Maraɗi kan haura digiri 40 tun ba a ƙara masa komai ba. Ya jingina tabarma ta yi wa modem da batir inuwa, ya bar iska na ratsawa. Mai tausayin na'ura da zai lulluɓe ta da zane, kashe ta zai yi. Eriyar rediyon kuma ya nisanta ta da faifan baz da ƴan mitoci don kada ƙarar ɗaya ta toshe kunnen ɗayar, ya kuma kora yara daga gindinta, domin ba a son mutum ya daɗe dab da eriya mai aikawa, balle ya riƙe ta. Da damina akwai ƙarin doka guda wadda ba ya ciniki a kanta. Hadari na haɗowa daga gabas, ko saura turke ɗaya a gama, sanda ƙasa, waya a cire. Sandar ƙarfe tsaye a tsakiyar fili gayyatar tsawa ce.

Duk wannan aikin hannu ne. Aikin kai yana cikin ƴar kwamfutar da ke hannunsa. Rediyon masu awo yana magana ne a zangon UHF, tsakanin megahaz 410 zuwa 470, kuma dole baz da mobil su dace a kan komai: zango ɗaya, faɗin zango ɗaya, saurin aikawa ɗaya, ko 9600 ko 19200, da salon magana ɗaya. In abu guda ya saɓa, fitilar karɓa na iya ƙyaftawa amma babu abin da ake fahimta, kamar Bahaushe da Bazabarme sun haɗu a rumfa ɗaya ba tafinta. Wannan na yawan faruwa in kayan gauraye ne, baz ta Trimble ko Leica, mobil kuma ta kamfanonin Sin irin su CHCNAV ko South. Gwani ya san ya sa su duka a kan RTCM 3, harshen gyara da kowace na'ura ke ji. Zangon ma ba na kowa ba ne da zai ɗauka yadda ya ga dama. A Nijar hukumar ARCEP ce ke raba shi. Kafin matashin ya fara aikawa sai da ya saurara ko akwai wani a kai. Wannan shi ne tarkon da ya fi ba ni tsoro da ya bayyana mini shi: in wata tawaga na aiki a kusa a kan zango ɗaya, mobil ɗinka na iya kama gyaran baz ɗinsu, allo ya nuna komai lafiya, alhali in su a kan wasu lambobi suka zauna, duk awonka ya gusa. Shi ya sa yake duba lambar shaidar baz ɗin da ake ji, ba ya wadatuwa da fitila.

Rediyo na son ganin ido da ido. Garin Maraɗi na yanzu a kan tudu yake, tun bayan ambaliyar 1945 da ta tashi tsohon gari daga kwarin gulbi, saboda haka mobil da ke can ƙasa cikin fadama tana iya jin baz da aka kafa a bakin tudun. Amma in aikin ya miƙa zuwa Tibiri, ko ya shige cikin itatuwan Jiratawa, gidaje da ganye kan cinye saƙon. Nan sai a koma ga modem na pus, wato ɗan katin layin waya. A kashe na'ura kafin a sa pus ɗin, a riga an cire masa lambar sirri a cikin waya, a tabbata akwai kuɗin intanet a kai, a rubuta APN na kamfanin, Airtel ne ko Moov ko Zamani. Gyaran na bi ta wata hanya da ake kira NTRIP, wadda hukumar taswira ta Jamus ta ƙirƙiro aka amince da ita a 2004. Ana ba ta adireshi, da lambar ƙofa wadda galibi 2101 ce, da sunan tashar da za a saurara, da sunan mai shiga da kalmar sirri. Harafi ɗaya ya kauce, ƙofa ba ta buɗewa. Abin da ake aikawa kaɗan ne, bai kai ko ɗan guntun bidiyo na WhatsApp ba, abin da ake buƙata shi ne kada rezo ya yanke. Wanda ya san ƙasar kan ɗauki pus biyu, kuma in aiki ya kai shi kudu wajen Ɗan Isa, yakan ɗaure modem a kan kamfaninsa da hannu don kada ya tsallaka ya kama rezon Najeriya. Intanet dai ba ta goge nisa: baz da ke Yamai, fiye da kilomita 600 a kan hanya, sama dabam take kallo, gyaranta ba zai ba da santimita a Zariya ba.

Akwai kuma kuskuren da modem ba shi da laifi a ciki, amma shi zai kai shi ko'ina da aminci, wato lambobin da aka ba baz. A tsarin UTM Maraɗi na yanki na 32, Yamai na yanki na 31. Fayil da aka kwafo daga wani aikin babban birni ba a canza yanki ba, ya isa ya jefa fili wata duniya. Tsofaffin taswirorin zamanin Faransa kuma a kan ma'aunin Clarke 1880 aka yi su, taurari kuwa da WGS 84 suke aiki. Na ga ya auna tsayin faifan baz daga kan turke sau biyu, ya rubuta a littafi da biro, duk da kwamfutar na hannunsa.

Bayan duk wannan sai jira. Allon mobil yana hawa mataki uku: na farko tana ita kaɗai, kuskure na mitoci, na biyu ta fara jin gyara amma tana lilo, suna ce masa fulot, na uku shi ne fikis, lissafi ya zauna. Ran nan ta daɗe a na biyu. Dattijon da ake auna wa fili ya gaji da tsayuwa.

"Ɗana, wanga abu ba ya riga ya nuna lamba ba? A kafa mana mu tafi, rana ta yi."

"Yi haƙuri, Baba. Lambar da kake gani tana iya kaucewa da taki guda. In na kafa yanzu, jikokinka za su yi shari'a a kanta."

Tsohon ya yi dariya, ya koma inuwa. Da fikis ya zo ma bai nufi filin ba. Sai da ya kai sandar kan wani tsohon turke da ya san lambobinsa, ya ɗora, ya ga saɓanin bai wuce santimita biyu ba, sannan ya ce bismilla. Yana tafe yana leƙa shekarun gyaran, yadda suke cewa, wato daƙiƙa nawa ke nan da isowar saƙon ƙarshe: ɗaya ko biyu lafiya, in ya fara hawa goma ya tsaya cik. Ya kuma gaya mini ba ya son aikin ya kai magariba, don a wannan yanki namu na kusa da tsakiyar maganaɗisun duniya, sararin sama kan hargitse bayan faɗuwar rana, fikis ya riƙa zuwa yana tafiya.

Zariya na ta cin gonakin da ke bayanta, kuma tun dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da ta haifar, takarda mai lambobi na ƙara nauyi a gaban hukuma fiye da "daga gawon can zuwa jigawa". A aikin ban-ruwa na Jiratawa kuma, gangaren ƴan santimitoci ne ke sa ruwa ya bi magudana ko ya kwanta. Don haka in an zo auna maka fili, kada ka tsaya wajen mai sanda kaɗai. Je ka gaida wanda ke durƙushe gaban batir, ka roƙe shi ya nuna maka fikis a allo da idonka, ka kuma tambaye shi a kan wane turke ya gwada kafin ya fara.