Gwanin Hanjin Jarirai

"Maijego, ya yi kashin fari kuwa?" Da wannan tambayar likitan tiyatar jarirai ke buɗe aikinsa, ko a Asibitin Ƙasa na Abuja ko a Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Lafiyayyen jariri yakan fitar da baƙin kashin nan mai danƙo cikin awa 24, in ya daɗe 48. In aka ji shiru, ciki ya tashi kamar ganga, amai ya fito kore shar, to akwai inda hanya ta toshe. A gida kuwa dauri ake ɗura masa, a ce a bari sai bayan suna.

Wani jaririn ba a halicce shi da dubura ba, ungozoma mai lura za ta gani tun wankan farko. Mai wuyar ganewa ita ce cutar da likitan Denmark, Harald Hirschsprung, ya bayyana a 1886, wadda ke samun kusan jariri 1 cikin 5,000. Ƙarshen hanjin ba shi da ƙwayoyin jijiyar da ke tura kashi gaba, sai ya maƙure, na samansa ya cika ya kumbura. Shekara sittin likitoci suna zargin kumburarren, alhali lafiyarsa ƙalau, wahalar turi ce ta buɗa shi. Siririn nan mai kama da na Allah shi ne ɓarawon. Sai a 1948 wani likita, Orvar Swenson, ya yanke shi a Boston, ya jawo mai lafiyar ya haɗa da dubura.

Shi ya sa gwani ba ya yarda da idonsa kaɗai. Yakan tsinko tsokar hanji kamar ƙwayar shinkafa, a duba a madubin ƙara girma ko jijiyar na nan. Farfesa Emmanuel Ameh, wanda ya yi suna a wannan fanni tun yana Zariya kafin ya koma Asibitin Ƙasa, ya sha rubutu kan jariran da ake kawowa a makare. Irin waɗannan ba a yi musu gaggawar babbar tiyata. A ɗumama su, a sa ruwa, a huda ciki a fito da bakin hanji, kashi ya riƙa fita ta nan (iyaye kan tsorata, amma na ɗan lokaci ne). Sai yaro ya yi ƙwari a yi babbar tiyatar, wuƙa na kewaya tsokar da za ta riƙe masa bayan gida ranar da zai zauna a aji.